Waiwaye: Yadda 'yan Koriya ta Kudu suka bar layin biza suka koma neman izini a intanet

Kafin 1989, ɗan Koriya ta Kudu ba ya tashi haka kawai ya ce zai je yawon buɗe ido ƙasar waje. Gwamnatocin soja na wancan zamani suna tattalin kuɗin ƙetare, suna kuma tsoron kada 'yan ƙasa su haɗu da wakilan Koriya ta Arewa a waje. Ko da aka ɗan sassauta a 1983, sai wanda ya kai shekara 50 ake ba fasfon yawon buɗe ido, shi ma sai ya ajiye won (kuɗin Koriya) miliyan 2 a banki na tsawon shekara guda. Akwai kuma lacca ta dole kan haɗarin kwaminisanci kafin a miƙa wa mutum fasfonsa. Bayan gasar Olamfik ta Seoul a 1988 ne aka ga wannan ƙulle ba zai ɗore ba, aka buɗe ƙofa ga kowa ranar 1 ga Janairun 1989. Shekara talatin bayan haka, a 2019, tafiye-tafiyen 'yan Koriya zuwa waje sun haura miliyan 28.

Gida ya buɗe, amma ƙofar Amurka ta ci gaba da zama a garƙame. Duk mai son zuwa sai ya bi dogon layin da ke zagaye katangar ofishin jakadancin Amurka a unguwar Gwanghwamun da ke Seoul, rungume da takardun banki da shaidar wurin aiki da ta biyan haraji, don ya gamsar da jami'i cewa zai dawo. Wanda ya taɓa tsayuwar neman biza a Abuja ko Legas ba ya buƙatar a yi masa bayani. Abin da ya fi ci wa 'yan Koriya tuwo a ƙwarya shi ne maƙwabciyarsu Japan ta shiga shirin Amurka na yafe biza tun 1988, su kuwa, da suke ƙawayen yaƙi kuma sojojin Amurka ke jibge a ƙasarsu, an bar su a rana. Dalili shi ne ƙa'idar shirin: sai ƙasar da adadin mutanenta da ake hana wa biza bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Koriya ta yi ta kusantar wannan layi ba ta tsallake ba.

Abin mamaki, tsoron ta'addanci ne ya buɗe mata hanya. A 2007 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar aiwatar da shawarwarin kwamitin binciken harin 11 ga Satumba. Dokar ta ba da damar ɗaga waccan ƙa'ida zuwa kashi 10, amma da sharaɗi: sai an kafa tsarin da zai tantance matafiyi tun kafin ya hau jirgi. Nan aka haifi ESTA, wato izinin tafiya Amurka da ake nema a intanet. Koriya ta fara ba 'yan ƙasarta fasfo mai ɗauke da bayanan lantarki a Agustan 2008, ta amince da musayar bayanan masu laifi, sannan ranar 17 ga Nuwamban 2008 ta shiga shirin tare da ƙasashe shida na gabashin Turai. Su waɗannan sababbin shiga an wajabta musu ESTA tun daga ranar farko, sauran ƙasashe kuwa sai 12 ga Janairun 2009. Ke nan ɗan Koriya bai taɓa ɗanɗana zamanin da ake shiga jirgin Amurka da fasfo kaɗai ba.

Tsarin kansa ba shi da wuya. Mutum ya shigar da bayanan fasfo, ya amsa tambayoyi kan ko an taɓa kama shi, ko yana da wata cuta mai yaɗuwa, ko an taɓa hana shi biza, ya biya da kati. Idan aka amince, izinin yana aiki shekara biyu, kowace shiga kuma ba ta wuce kwana 90. Kamfanin jirgi ba zai ba ka katin hawa ba sai na'urarsa ta ga amincewar. Sai dai akwai abin da mafi yawan mutane ke danna "na yarda" a kansa ba su karanta ba: mai shiga da ESTA ya sarayar da haƙƙinsa na ƙalubalantar hukuncin jami'in filin jirgi ko na korarsa, in ban da neman mafaka, kuma ba zai iya tsawaita zama ko sauya matsayinsa ba. Sauƙin da aka samu a bakin ofishin jakadanci, an biya shi da wannan.

Kuɗi ma bai tsaya ba. Da farko kyauta ne, a Satumban 2010 ya zama dala 14, a Mayun 2022 dala 21, a ƙarshen Satumban 2025 ya koma dala 40. Ga kuma shafukan 'yan-na-kama da ke fitowa a saman sakamakon bincike, suna kwaikwayon na gwamnati, su cike wa mutum fom ɗin su caje shi ninkin-ba-ninkin.

Siyasar zirin Koriya ma ta kutso cikin fom ɗin. Wata dokar Amurka ta 2015 ta cire duk wanda ya je Iran, Iraƙi, Siriya ko Sudan tun daga Maris na 2011 daga cin gajiyar ESTA, daga baya aka ƙara Libiya, Somaliya da Yaman. A Agustan 2019 aka sa Koriya ta Arewa a jerin. Nan take abin ya shafi dubban 'yan Kudu da suka tsallaka Arewa bisa izinin gwamnatinsu: ma'aikatan yankin masana'antu na Kaesong, dattawan da suka je ganin dangin da yaƙi ya raba su, har da jagoran Samsung, Lee Jae-yong, wanda ya raka Shugaba Moon Jae-in zuwa Pyongyang, babban birnin Arewa, a Satumban 2018. Duk aka mayar da su layin biza.

Ba Amurka ce ta fara irin wannan izini na intanet ba, Ostireliya ta riga ta tun 1996, amma bayanta ne kowa ya bi sahu. Kanada ta wajabta nata a 2016 kan dalar Kanada 7, New Zealand a Oktoban 2019, Birtaniya kuma ta fara neman sa daga 'yan Koriya ranar 8 ga Janairun 2025. Tarayyar Turai ta yi ta ɗage nata mai suna ETIAS, wanda aka tsayar da kuɗinsa kan yuro 20, Japan ma tana shirin nata. Ita kanta Koriya ba ta zauna kallo ba. Ta wajabta nata mai suna K-ETA a Satumban 2021 kan won 10,000, har 'yan Tailan da aka yi ta hana wa izini suka shiga kiran a ƙaurace wa zuwa Koriya a 2023. A shekarar ne kuma gwamnati ta ɗage shi na wucin gadi ga ƙasashe 22, galibinsu masu arziki, don jawo baƙi. Wanda ya sha zafin tantancewa, da ya samu wuƙa, bai fi na gabansa tausayi ba.

Inda tsarin ya fi nuna ɓarakarsa shi ne harkar aiki. Yarjejeniyar cinikin da Koriya ta ƙulla da Amurka, wadda ta fara aiki a 2012, ba ta zo da kason bizar ƙwararru ba, alhali Ostireliya na da gurbi 10,500 a shekara, Singafo 5,400, Chile 1,400. Da kamfanonin Koriya suka shiga zuba biliyoyin daloli a masana'antun batir da motoci a Amurka, sai suka riƙa tura injiniyoyi da ESTA ko bizar kasuwanci ta B-1, su yi wata biyu ko uku su dawo, wasu su karɓe su. Kowa ya san haka ake yi, kowa ya kau da kai.

Ranar 4 ga Satumban 2025 jami'an shige da fice suka yi dirar mikiya a masana'antar batir da Hyundai da LG ke ginawa a Ellabell, jihar Jojiya. An kama mutum 475, sama da 300 'yan Koriya ne, da yawansu da irin waɗannan takardu suka shigo. Hukumar ta saki bidiyon da ake ɗaure su da sarƙa a ƙugu da ƙafa, ran 'yan Koriya ya ɓaci matuƙa, Shugaba Lee Jae-myung ya ce kamfanoni za su yi ɗari-ɗari da zuba jari a can. Bayan mako guda jirgin haya ya sauke 316 daga cikinsu a filin jirgin Incheon na Koriya. A ƙarshen watan, ɓangarorin biyu suka zauna a Washington, Amurka ta tabbatar cewa mai B-1 ko ESTA zai iya girka, duba ko gyara injinan da aka sayo daga waje. A ganina wannan toshe ɓaraka ne kawai, domin kwana 90 ba sa gina masana'anta. Ƙudurin da zai ba ƙwararrun Koriya biza 15,000 a shekara an sha gabatar da shi a majalisar Amurka fiye da shekara goma, ba a taɓa zartar da shi ba.