Ƙeta ta bakwai a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: ba maguɗin alƙalin wasa ba ne

Duk watan Maris, idan gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ta kankama, sai ƙorafi iri ɗaya ya cika kafafen sada zumunta. An yi wa ɗan wasa ƙeta, ya je layin jifan kyauta (inda ake jifa ba mai tsaro) ya yi jifa ɗaya bai ci ba, wasa ya ci gaba. Can gaba kuma an yi irin wannan ƙetar, aka ba wani jifa biyu. Nan take sai a ce alƙali ya karkata. Bai karkata ba, dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ce haka.

Wasan maza rabi biyu ne, minti 20 kowanne. Ɗan wasan da ya yi ƙeta 5 an sallame shi ke nan, ba 6 ba kamar a NBA, gasar ƙwararrun Amurka. Ban da wannan, akwai lissafin ƙetar ƙungiya baki ɗaya a kowane rabi, kuma a nan rikicin yake. Daga ta 1 zuwa ta 6, idan ba cikin jifa aka yi ƙetar ba, ƙwallo kawai za a ba waɗanda aka yi wa su jefo daga gefe. Daga ta 7 zuwa ta 9, wanda aka yi wa ƙeta zai yi jifa ɗaya. Idan ya ci a ƙara masa na biyu, idan ya ɓarar ƙwallo ta zama ta mai rabo. Daga ta 10 ne ake ba da jifa biyu kai tsaye. Idan an shiga ƙarin lokaci, lissafin rabi na biyu ne ke ci gaba, ba a sharewa.

Mata ba su cikin wannan tsari. Tun kakar 2015-16 suka koma zango huɗu na minti 10, jifa biyu daga ƙeta ta 5 a kowane zango.

Masu cewa wai ko wace ƙeta bayan ta 7 sai an je layi, su ma sun yi kuskure. Idan mai riƙe da ƙwallo ne ya banke mai tsaro, ana ƙirga ta a kan ƙungiyarsa amma babu jifa. Ƙetar da aka yi wa mutum yana tsakiyar jifa kuwa ba ruwanta da lissafin: idan jifan bai shiga ba, biyu ko uku zai samu ko da a minti na farko ne.

To, mu yi lissafi. Ɗan wasan da ke cin jifa 6 cikin 10, idan an ba shi biyu kai tsaye, ana sa ran maki 1.2. A tsarin "ci ɗaya a ƙara maka" kuwa maki 0.96 ne. Wannan bai kai abin da ƙungiya mai kyau ke ci a hari guda na yau da kullum ba. Wato akwai lokacin da yi wa mai raunin hannu ƙeta ya fi tsare shi riba, kuma kociyoyi sun san haka sarai. Shi ya sa minti biyun ƙarshe ke jan ƙafa har mai kallo ya gaji.

Wannan ya shafi alƙaluman tsaro da ake yawo da su, musamman na shafin KenPom na Ken Pomeroy, mai nazarin alƙaluman ƙwallon kwandon jami'o'i. Ma'aunin nasa maki nawa aka ci ƙungiya a hari 100 ne, bayan an yi la'akari da ƙarfin abokan karawarta. Ba ya ƙirga ƙeta a matsayin laifi, maki kawai yake gani. Idan an yi ƙeta ta 8, aka ɓarar da jifan farko, masu tsaro suka cafke ƙwallo, a takarda an tsare hari ke nan tsaf. Don haka ƙungiya na iya zama a saman jerin tsaro alhali 'yan wasanta hannu suke sawa ba ƙaƙƙautawa. Mai son ganin wannan sai ya duba wani gurbin daban, na yawan jifan layi da ƙungiyar ke bari a yi mata.

Masu kare dokar suna cewa tana ba wanda aka wuce damar dawowa, tana kuma sa zuciya ta buga. Gaskiya ne. Amma a ƙeta uku na kowane rabi, wanda aka zalunta shi ke ɗaukar kasada, mai ƙetar kuwa yana tsaye ƙarƙashin kwando yana jiran ƙwallo ta faɗo masa.