Ɗaliban ilaj wazifi da soshiyal midiya: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Aikina a Jidda shi ne koya wa majinyata su sake iya hidimar kansu, cin abinci, sa tufafi, alwala, rubutu, wato abin da ake kira ilaj wazifi a nan Saudiyya. Duk ɗalibin da ya gane ni Bahaushiya ce sai ya biyo ni da tambayoyi kan soshiyal midiya, kuma tambayoyin ba sa canjawa. Ga su nan na rubuta. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Ya dace in buɗe shafin sana'a tun ina ɗaliba?

Ya dace. Ki rubuta a sama ƙarara cewa ke ɗaliba ce.

Zan iya rubuta "ƙwararriya" ko "Dakta" a gaban sunana, tunda na shiga shekarar imtiyaz, wato shekarar horo a asibiti bayan kammala darussa?

A'a. Ko "ƙwararriya" ma sai Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ta tantance ki ta yi miki rajista. Dokar aikin lafiya ta 2005 ta hana ma'aikaci sa wa kansa laƙabin da bai samu ba, balle ɗalibi. Gwaggonki ta kira ki Dakta a gidan biki don tana alfahari da ke, wannan tsakaninku ne. Ke dai kada ki rubuta.

Idan na rufe fuskar majinyaci, zan iya sa hotonsa?

A'a. Wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin masu yin ta sun san amsar.

Fuska kaɗai kike tsammani ake gane mutum da ita? Ɗauki hoton hannun da kika yi wa jabira, wato madaurin da ke tallafe hannu: ga jan lalle a farce, ga zoben azurfa a ɗan yatsa, ga abin hannu na asibiti mai suna da lambar fayil, ga allon bango a baya. Kuma mu Hausawan Makka da Jidda da Madina kusan duk an san juna. Kina rubuta "wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, tela ne, daga Shara Mansur a Makka", kafin la'asar an kira sunansa har da na matarsa a rukunin WhatsApp na dangi. Wataƙila iyalansa ɓoye ciwon suke yi saboda maganar auren 'yarsu. Ke kin tona.

Ga kuma doka. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyu, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumba 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin kariya. Kafin ma a kai can, kwalejinki na iya dakatar da ke daga horo.

To idan uwar yaron ce da kanta ta ce in ɗauka?

Izinin baki a bakin gado ba izini ba ne. Asibiti ke da takardar izini, kuma ba ɗalibi ke karɓar sa hannu ba. Uwar da take ganin kina taimakon ɗanta kunya ba za ta bar ta ta ce miki a'a ba. Yaron kuma zai girma ya tarar da bidiyonsa yana yawo.

Wane dandali ya fi?

LinkedIn don neman aiki, X don bin ma'aikatan lafiya na Saudiyya da sanarwar taruka. Snapchat ki bar wa 'yan gida.

Wata Hajiya da nake duba ba ta jin Larabci, ni kaɗai ke mata Hausa. 'Yarta ta ce in ba ta lambata. Ya zan yi?

Wannan kam tambaya ce, kuma amsarta ba ta yankan wuƙa ba ce. Na san yadda abin yake. Tsohuwa ta zo Umra, ciwo ya kama ta, ta farka a gadon asibiti ba mai jin maganarta, sai ga ki kin shigo kin ce "Sannu Hajiya, ya jiki?" Hawaye za ta yi. Daga nan kin zama 'yarta, kuma a tarbiyyarmu hana babba lambar waya kamar raini ne.

Duk da haka, shawarata ita ce kada ki ba da lambarki don maganar jinya. Ba gaisuwar nake ji ba, abin da zai biyo baya nake ji. Za a sallame ta, ta koma Kano ko Damagaram, sai saƙon murya ya fara zuwa: hannun ya kumbura, kafaɗa na ciwo, ga bidiyo, me za mu yi? Bidiyo ba zai nuna miki tsananin sanƙarewar tsoka ba, sai kin taɓa. Kafaɗar mai shanyewar ɓarin jiki takan saki, idan aka riƙa jan hannun da sunan motsa jiki ana iya ƙara mata rauni. Ke ba ki da lasisi, ba mai duba abin da kika faɗa, ba a rubuta shi a fayil ba. Mafi muni, wata rana saƙo zai shigo da tsakar dare cewa bakinta ya sake karkacewa, kina barci, su kuma suna jiran amsarki maimakon su garzaya asibiti.

Amma ya danganta. Idan kun san juna tun kafin asibiti, maƙwabciyarku ce ko ƙawar Innarki, to lambarki tana hannunsu tuni, ba za ki yanke zumunci ba. A nan abin yi shi ne ki faɗa wa mai kula da horonki tun ranar farko, wataƙila ta ga ya fi a ba ki wani majinyacin. Idan kuma kin riga kin bayar don kin rasa yadda za ki ce a'a, kada ki toshe su, wannan wulaƙanci ne. Ki amsa gaisuwa, ki yi addu'a, idan aka zo maganar jiki ki ce: "Hajiya, ni ɗaliba ce, ba a ba ni ikon faɗar magani daga nesa ba, don Allah a kai ki a duba." Idan suna cikin Saudiyya, 997 ce lambar motar agajin gaggawa, 937 kuma ta Ma'aikatar Lafiya ce don shawarar likita. Wani sashen yakan yarda ki yi musu tafinta ta wayar ofis a lokacin aiki. Wannan daban ne, tunda da sanin na gaba da ke ne.

Taimakon da za ki yi mata na gaske kafin sallama ne. Ki zauna da mai kula da ke ku tsara abin da za a riƙa yi a gida, ki mayar da shi Hausa mai sauƙi, ki sa 'yar ta gwada a gabanki har hannunta ya faɗa. Ki tabbatar sun karɓi rahoton sallama da za su nuna wa likita a gida. Rukunin WhatsApp na iyalinsu kuwa, ko an saka ki, ki yi godiya ki fita.

Wani shago ya ce in tallata kayan wasan yara masu lalura ta musamman, zai biya ni.

Kar ki karɓa. Tun 2022 talla a shafin mutum na buƙatar lasisin Mawthooq, kuɗinsa riyal 15,000 na shekara uku, kuma mai zama da igama ya fi kowa buƙatar taka tsantsan. Ko da lasisin, da wane ilimi ɗaliba za ta ce wa uwa wannan kayan zai gyara ɗanta?

Kin hana komai, Anti. Me ya rage in saka?

Abu mai yawa, ƙanwata, kuma ina so ki saka. Mutanenmu da dama ba su san bambancinmu da masu gashin ƙashi ba, bayani da Hausa kuma ya yi ƙaranci. Ki nuna da hannunki yadda ake naɗa soso a mariƙin cokali ya yi kauri don mai raunin riƙo. Ki nuna sa riga da hannu ɗaya: hannun da ya shanye shi ake fara sakawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Ki nuna alwala a zaune kan kujera mai ƙarfi, da cire ƙananan dardumai daga hanyar banɗaki don kada tsoho ya zame. Duk wannan ba ya buƙatar majinyaci, ke da ƙawar karatunki kun isa. Ki faɗi inda kika koyo, ki ce bayani ne na gaba ɗaya, kuma ki nuna wa malamarki kafin ki wallafa. Ranar 27 ga Oktoba ce ranar sana'armu ta duniya, ki fara daga nan idan kina neman mafari.

Mai kula da ni ta takura mini, zan iya huce haushi a shafina na sirri?

Babu shafin sirri. Mutum ɗaya ya ɗauki hoton allo, shi ke nan. Ki kai ƙara wajen mai tsara horo a kwalejinku.

Na riga na sa hoton majinyaci. Na shiga uku?

Ba ki shiga uku ba, ki kwantar da hankalinki. Ki goge yanzu, ki roƙi duk wanda ya tura gaba ya goge, sannan ki je ki faɗa wa mai kula da ke yau ɗin nan, kafin ta ji daga bakin wani. Ki rubuta ranar da kika saka da lokacin da kika cire, za a tambaye ki.