Waiwaye: Fargabar GTA VI a kwamfuta da abin da gem ɗin baya suka nuna

Kwana biyu ba a yi sai wani ya ɓullo a YouTube ko TikTok da jadawalin abin da wai kwamfutarka ke buƙata kafin ta ɗauki GTA VI, sabon gem a jerin Grand Theft Auto: RAM kaza, katin hoto kaza, wurin ajiya kaza. Duk shaci-faɗi ne. Kamfanin Rockstar Games, mai yin gem ɗin, na'urorin gem na PlayStation 5 da Xbox Series X/S kawai ya ambata, kuma ranar da ya tsayar a sanarwarsa ta Nuwamba 2025 ita ce 19 ga Nuwamba 2026, bayan ya fara ɗagawa daga ƙarshen 2025 zuwa 26 ga Mayu 2026. Batun kwamfuta ko uffan bai ce ba. Sai dai fargabar da ke kai mutane kallon waɗannan jadawalai tana da tushe, kuma in aka bi tarihinta za a ga matsaloli biyu ne ake cakuɗawa. Akwai gem ɗin da ya fi ƙarfin kwamfutocin zamaninsa, akwai kuma wanda aka fitar aikinsa bai nuna ba. Na farko kuɗi na maganinsa. Na biyu ko gona ka sayar ka haɗa kwamfuta, haka zai riƙa sarƙe maka.

A farkon lamari lissafin a bayyane yake. Doom na kamfanin id Software, wanda ya fito a Disamba 1993, furosesa (ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta) 386 da RAM megabait 4 ya nema. Quake na 1996 ya tura mutane sayen Pentium, kuma a wannan tsakani katin Voodoo na kamfanin 3dfx ya koya wa 'yan gem cewa zanen hoto yana son na'urarsa ta daban. Abin da aka rubuta a bayan kwali alkawari ne: in kana da shi, gem zai tashi.

Crysis, na kamfanin Crytek da ke Frankfurt a Jamus, shi ne ya zama abin misali na matsala ta farko. Da ya fito a Nuwamba 2007, ko kwamfutoci mafi tsada ba sa iya tafiyar da shi sumul a saitinsa na ƙoli, har tambayar ko kwamfuta za ta iya ɗaukar Crysis ta zama zolaya da ma'auni na tsawon shekaru. Mutane sun yafe masa saboda ido yana ganin inda ƙarfin ya tafi: daji, ruwa, bishiyar da harsashi ke karyawa. Amma ko shi yana da tabo. An gina shi da zaton gudun furosesa zai ci gaba da hauhawa, sai masana'antar ta juya ga ƙara yawan ƙwayoyi a cikin furosesa ɗaya, gem ɗin kuma bai iya raba musu aiki sosai ba. Shi ya sa shekara goma bayan fitowarsa akwai wuraren da yake ba sababbin kwamfutoci wahala.

Shekara ɗaya bayan Crysis, Rockstar ya kawo misalin matsala ta biyu. Abin dariya, GTA na farko a 1997 a kwamfuta ya fara fitowa, daga kamfanin DMA Design da ke Dundee a Sikotilan. Tun daga GTA III aka juya tsari: PlayStation 2 a Oktoba 2001, kwamfuta a Mayu 2002. Vice City da San Andreas, waɗanda duk wanda ya zauna a gidan gem a Kano ko Kaduna ya san su, su ma haka suka bi, tazarar wata bakwai zuwa takwas. GTA IV ya fito a PlayStation 3 da Xbox 360 ranar 29 ga Afrilu 2008, ya iso kwamfuta a farkon Disamba, ya iso da rigima. Kafin ka taɓa sitiyarin mota sai ka bi ta manhajojin rajista na Games for Windows Live da Rockstar Social Club, da makullin hana satar fasaha na SecuROM. In ka tsallake wannan, sai ka tarar titi da gine-gine suna ɓacewa, ko gem ya rufe kansa. Masu katin ATI sun fi kowa shan wuya. An ba da shawarar furosesa mai ƙwaya huɗu a lokacin da yawancin mutane mai ƙwaya biyu gare su. Bayanin da kamfanin ya yi shi ne manyan saitin an tanade su ne don kwamfutocin nan gaba. Kwamfutocin nan gaban sun zo, kuma har yau masu GTA IV na neman facin da 'yan sa-kai suka rubuta kafin ya tafi daidai. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ba rashin ƙarfin na'ura ne ya kashe shi ba.

GTA V ya wanke sunan kamfanin, amma da farashin jira. Ya fito 17 ga Satumba 2013 a PS3 da Xbox 360, ya koma PS4 da Xbox One a Nuwamba 2014, na kwamfuta kuma aka ɗaga shi daga Janairu zuwa Maris, daga Maris zuwa 14 ga Afrilu 2015. Wata goma sha tara ke nan. Ya zo a faifan DVD bakwai, yana cin GB 65, amma RAM GB 4 da katin hoto mai GB 1 sun isa ya tashi. Shi ya sa har gobe ake buga shi a tsofaffin laftop na hannu.

Wani labari daga cikinsa ya fi komai fayyace bambancin da nake magana a kai. Shekaru mutane na ƙorafin GTA Online, ɓangaren gem ɗin da ake bugawa ta intanet, yana ɗaukar mintuna kafin ya buɗe, da yawa suna zaton kwamfutarsu ce ta gaza. A farkon 2021 wani mai rubuta manhaja da ke kiran kansa t0st ya bi diddigi, ya gano gem ɗin yana karanta wani fayil mai kusan megabait 10, mai ɗauke da kaya kusan 63,000, ta hanyar da ke sa shi maimaita aiki ɗaya ba iyaka. Ya yi ɗan gyara, jiran ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Rockstar ya tabbatar da binciken, ya fitar da gyaran, ya ba shi ladan dala 10,000. Allah kaɗai ya san mutum nawa suka canza furosesa saboda wannan kuskuren.

A 2015 ɗin ne kuma ƙarfi ya ɗan dawo hannun mai saye. A farkon Yuni, Steam, shagon sayar da gem ɗin kwamfuta ta intanet, ya buɗe ƙofar mayar da kuɗi ga wanda ya sayi gem cikin kwana 14 kuma bai buga shi sama da awa biyu ba. Makonni uku bayan haka Batman: Arkham Knight ya fito a kwamfuta yana tsinkewa, sai Warner Bros. ya dakatar da sayar da shi, bai dawo ba sai ƙarshen Oktoba. Red Dead Redemption 2 ya iso kwamfuta 5 ga Nuwamba 2019 da GB 150 da manhajar buɗewa mai rufe kanta, Rockstar ya ba da haƙuri. A Nuwamba 2021 sabunta tsofaffin GTA uku da aka yi ya fito a lalace, aka janye shi daga kwamfuta na 'yan kwanaki, aka sake ba da haƙuri. Cyberpunk 2077 na CD Projekt a Foland kuwa ya nuna cewa na'urar gem ma ba ta tsira ba. Kafin fitowarsa ranar 10 ga Disamba 2020, na kwamfuta kaɗai aka ba masu sharhi. Na PS4 ya yi munin da Sony ya cire shi daga shagonsa har zuwa Yuni 2021.

Shekarar 2023 ta tara su. The Last of Us Part I ya zo kwamfuta yana shaƙe katunan da ke da ƙwaƙwalwar GB 8. Da aka tambayi Todd Howard na Bethesda dalilin nauyin Starfield, ya ce ai sun daidaita shi, watakila mutum ne ke buƙatar sabunta kwamfutarsa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Cities: Skylines II. Kafin ya fito, an ɗaga katin da ake ba da shawara zuwa RTX 3080, sannan kusan mako guda kafin 24 ga Oktoba, kamfanonin da suka yi shi, Colossal Order da Paradox, suka fito suka ce gem ɗin bai kai matakin gudun da suka so ba, amma za su fitar da shi haka. Suka kuwa fitar. Masu tona ciki suka gano yana zana abubuwa da cikakken adonsu ko suna can nesa, har da haƙoran mutanen gari, a gem ɗin da daga sama ake kallon birni. Kati mai tsada ya zama mai biyan bashin aikin da ba a gama ba.

A nan ne ma'anar jadawalin buƙatu ta sauya, kuma wannan ne ya kamata mai jiran GTA VI ya fahimta. Tun da Nvidia ya kawo DLSS, AMD ya biyo da FSR a 2021, gem na iya zana ƙaramin hoto a ɓoye, manhaja ta faɗaɗa shi ya cika sikirin. Daga 2022 aka ƙara dabarar ƙirƙiro hotunan cike gurbi tsakanin na gaske. An kawo su ne don sauƙaƙa wa kati aiki, sai kamfanoni suka fara sa su cikin lissafi. Monster Hunter Wilds na Capcom, wanda ya fito a Fabrairu 2025, ya rubuta cewa kwamfutar da ya ba da shawara za ta ba da hoto 60 a daƙiƙa, amma da faɗaɗawa da hotunan cike gurbi a kunne. Wato na gaske ba su kai haka ba, kuma hannu yana jin bambancin ko ido bai gani ba. Indiana Jones and the Great Circle da Doom: The Dark Ages kuma suka rufe ƙofa gaba ɗaya ga katin da ba ya lissafin hasken nan na zamani da katunan RTX suka zo da shi. Katin GTX 1060, wanda ya shafe shekaru yana kan gaba a ƙidayar na'urori ta Steam, ba ya ma shiga.

To me za a iya cewa kan GTA VI ba tare da ƙarya ba? Dole ya yi aiki a PS5, na'urar 2020 mai furosesa Zen 2 ƙwaya takwas da ƙwaƙwalwa GB 16, dole kuma ya yi aiki a Xbox Series S mai GB 10 kacal, wadda ta taɓa jinkirta zuwan Baldur's Gate 3 a Xbox. Rockstar ya ce a PS5 aka ɗauki bidiyon tallarsa na biyu, na Mayu 2025. Wannan ya ɗan kwantar da hankali ta ɓangaren katin hoto. Inda nake ganin gizo zai yi saƙa shi ne furosesa. Kati shi ke zana gari, amma furosesa ke tafiyar da shi: cunkoson motoci, masu tafiya a ƙasa, 'yan sanda, abin da kowane ɗan gari zai yi in ya ji harbi. Rage kyan hoto yana sauƙaƙa wa kati, ba ya rage wa furosesa wani abin kirki. GTA IV, GTA V da Red Dead Redemption 2 duk a kan hoto 30 a daƙiƙa suka fara fitowa a na'urorin gem, kuma PS5 Pro da ake sa wa rai furosesarta kusan ɗaya ce da ta PS5, ɗan gudu kaɗan aka ƙara mata. Mai son 60 a kwamfuta, furosesarsa zai fara dubawa.

Alama ɗaya tilo da ta fito daga hannun kamfanin ita ce sabunta GTA V na kwamfuta a Maris 2025. Ya wajabta SSD, wato ma'ajiya mai sauri, ya nemi GB 105, mafi ƙarancin kati GTX 1630, shawara kuma RTX 3060 da RAM GB 16. Gem ɗin 2013 ke nan da aka yi wa kwaskwarima. Ba a tsammanin sabon ya nemi ƙasa da haka, kuma laftop ɗin ofis mai katin Intel na cikin jiki, irin da ya cika Farm Centre da titin Beirut a Kano, ya fita daga lissafi tun yanzu.

Ga mai saye da naira, kuskure ya fi tsada. Tun da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga kusan 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na kwashe ta. Ga datar sauke sama da GB 100 da facin da ke biyo baya, ga wuta, ga zafin Afrilu da ke sa laftop rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Jadawalin kamfani a ɗaki mai sanyi ake gwada shi.

Sai maganar lokaci. Strauss Zelnick, shugaban Take-Two mai mallakar Rockstar, ya sha nuna cewa al'adar kamfanin ce ya fara da wasu na'urori sannan ya koma wasu. GTA IV wata bakwai ya ɗauka, ya zo a gurguje. Red Dead Redemption 2 shekara guda. GTA V wata goma sha tara, shi ne kuma ya zo da lafiya. Red Dead Redemption na 2010 sai Oktoba 2024 ya ga kwamfuta. In aka ɗora tazarar manyan ukun a kan Nuwamba 2026, lissafin yana faɗawa tsakanin tsakiyar 2027 da tsakiyar 2028, kuma katin da aka saya yau don GTA VI zai riga ya tsufa da shekara ɗaya ko biyu kafin a san ainihin abin da gem ɗin zai nema.