Waiwaye: Dutsen da ke ƙarƙashin kudancin Maraɗi da gardamar ruwan foraj

Duk sanda aka haƙa foraj a ƙauyukan kan iyaka wajen Ɗan Issa ya fito babu ruwa, ko ya ba da ruwa amma haƙoran yara suka fara yin ja, gardamar ɗaya ce: wasu su ce ba a yi zurfi ba, wasu su ce zurfin ne ya yi yawa. Tun da zinariya ta ɓulla a yankin, har ramin Garin Liman ya rufta da mahaƙa a Nuwamban 2021, an ƙara da cewa haƙe-haƙen ne suka ɓata ƙasa. Haƙar zinariya tana da nata laifin, amma halin ruwan ya girme ta nesa ba kusa ba.

Falalen dutsen da ke leƙowa a kudancin jihar shi ne ƙarshen arewa na tsohon dutsen da ya shimfiɗu ƙarƙashin Katsina, Zamfara da Kaduna. Wani sashensa a wajen Kaduna ya kai shekara miliyan 3,500. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan gutsattsarin doron ƙasa suka yi karo, suka murɗe wannan dutse suka gasa shi, ya koma mai zane-zane fari da baƙi. A cikinsa giranit ya kutsa. Masanin duwatsu Falconer ne ya kira shi tsohon giranit a 1911, don ya bambanta shi da na Jos mai kuza, wanda bai wuce shekara miliyan 200 da 'yan kai ba. Wannan duk ɗalibin ilimin duwatsu ya haddace shi.

Abin da ake tsallakewa shi ne yadda giranit ɗin ya huce, kuma a nan maganar ruwa take. A zurfin kilomita 20 zuwa 30, dutse mai ɗan danshi yakan fara narkewa da zafin digiri 650 zuwa 700. Ba duka yake narkewa ba. Farar ƙanƙara da feldisfa, wato ma'adinai masu hasken launi, su ne ke fara sakin jiki, baƙaƙen ma'adinai masu ƙarfe su tsaya. Inda narkakken ya daskare a wurinsa, sai a ga dutse mai fararen jijiyoyi a nannaɗe, wanda ake kira migmatit. Inda ya taru ya hau sama, shi ne giranit, mai silika, wato sinadarin farar ƙanƙara, kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari.

To, wajen hucewa ba komai ke daskarewa lokaci ɗaya ba. Kalsiyam yakan riga fita, ya shige cikin ƙwayoyin da suka fara ƙulluwa. Ragowar narkakken kuwa sai ya riƙa tara fotasiyam, sodiyam, ruwa da fulorin, kamar yadda miya ke ƙara gishiri in ta tsotse a kan wuta. Wannan ragowa ita ta haifi jan giranit mai manyan ƙwayoyi da jijiyoyin da suka ratsa shi. Fulorin ya ɓuya cikin biyotit, baƙin ma'adinin nan mai ƙyalli da ake iya ɓarewa da farce, da kuma ma'adinan afatit da fulorit. Sakamakon shi ne dutse mai yawan fulorin da ƙarancin kalsiyam, kuma wannan haɗin ne matsala: kalsiyam shi ke kama fulorayid, wato fulorin da ya narke a ruwa wanda yawansa ke sa haƙoran yara ja, ya kwantar da shi. In babu shi, ruwan kuma ya daɗe a ƙasa ya ɗan yi kanwa-kanwa, fulorayid sai ya yi ta hawa. A ƙarshen wannan zamani ne kuma ruwan zafi ya bi tsagogin dutse ya ajiye farar ƙanƙara, wani wurin da zinariya, wani wurin har da dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Daga baya zaizaya ta kwashe ɓarɓashin dutsen ta zuba arewa, ya zama yashi da laka da garin Maraɗi da Tibiri ke zaune a kai. Foraj ɗin Tibiri da aka fara sha a 1985 a cikin wannan shimfiɗa yake, ba cikin giranit ba, amma fulorayid ɗin ruwansa ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, ƙasusuwan yara suka lanƙwashe. Ruwan nan garau yake, ba wari ba ɗanɗano, ido ba ya gane shi.

Ga mai haƙa a kan dutsen kansa, tsarin daga sama haka yake: marmara, sai laka wadda ke riƙe ruwa ba ta sakinsa, sai ruɓaɓɓen dutse mai tsakuwa, sai dutse mai tsaga, sai kuma tsantsar giranit. Ruwa yana cikin na uku da na huɗu. Da zarar injin ya fara fito da busasshen gari mai kaifi ba tare da canjin launi ba, an shiga tsantsa, ƙarin mita ɓarnar gazuwal ce kawai, sai fa in awon lantarki ya nuna tsaga a ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa bututu mai huda daidai laka, ruwan ya fito da dauɗa, ko kuma a bar sama ba a toshe da siminti ba, ruwan damina ya gangara da ƙazanta. Lita 700 a awa ta ishi famfon hannu. Ba ta isa a ɗora tanki da sola ba.

Awon fulorayid a yi shi kafin a buɗe wa jama'a, a maimaita da bazara lokacin da ruwan ya fi daɗewa a ƙasa. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara shi take yi, tacewa da ƙyalle ma haka nan banza ce. Abin da ke aiki shi ne gawayin ƙashi, ko alif da farar ƙasa a bari ya kwanta, ko a gauraya da ruwan rijiya mai ƙarancin fulorayid har a sauko ƙasa da 1.5. Gawayin ƙashin kuma yana ƙoshi, in ba a canza shi ba ruwan zai fita kamar yadda ya shigo.