Toshe Hanyoyin Berlin (1948–1949)

Toshe hanyoyin Berlin na daga cikin manyan rigingimun farko da suka fito fili tsakanin ƙasashen da suka yi taron dangi suka ci Jamus da yaƙi a 1945. Ya fara ne ranar 24 ga Yuni, 1948, da Tarayyar Sobiyet ta datse layin dogo da hanyoyin mota da na ruwa zuwa yammacin birnin, aka kuma buɗe su ranar 12 ga Mayu, 1949.

Bayan yaƙin an kasa Jamus gida huɗu tsakanin Amurka, Birtaniya, Faransa da Sobiyet. Berlin tana can tsakiyar yankin Sobiyet, amma ita ma aka kasa ta huɗu. Ɗaya daga cikin tushen saɓanin kuwa diyyar yaƙi ce. Sobiyet, wadda ta fi kowa asarar rayuka, tana kwance injunan masana'antu tana kwashewa gida, su kuma Amurka da Birtaniya sun gaji da ciyar da yankunansu daga aljihunsu, suna so Jamus ta tsaya da ƙafarta. A Mayun 1946 Janar Lucius Clay na Amurka ya dakatar da aika kayan diyya daga yankin Amurka. A Maris 1948 Marshal Sokolovsky, wakilin Sobiyet, ya fice daga majalisar haɗin gwiwa mai mulkin Jamus. Da aka fito da sabon kuɗi, Deutsche Mark, a yankunan yamma ranar 20 ga Yuni, tura ta kai bango.

Wani sakaci na 1945 ne ya tsara yadda rikicin ya kaya. Ba a rubuta yarjejeniya kan hanyoyin ƙasa ba, amma an sa hannu kan hanyoyin sama guda uku. Sobiyet ba ta da yadda za ta rufe su sai ta harbo jirgi, abin da shugabanta Stalin bai yarda ya yi ba. Ta nan aka ciyar da mutum fiye da miliyan biyu. Jiragen ƙasashen yamma sun yi sawu sama da 270,000, suka kai kaya kimanin tan miliyan 2.3, mafi yawansa kwal ne, ba abinci ba. Filayen jirgin sama na Tempelhof da Gatow suka yi kaɗan, har aka gina na Tegel cikin kusan wata uku.

Ana cikin haka aka kafa ƙungiyar NATO a Afrilun 1949. Jamus ta Yamma ta kafu a Mayu, ta Gabas kuma ranar 7 ga Oktoba na shekarar.