Cikin Duniya

Cikin duniya shi ne duk abin da ke tsakanin doron ƙasa da tsakiyarta, tazarar kimanin kilomita 6,371. Babu wanda ya taɓa leƙa shi. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa shi ne na Kola, a arewa maso yammacin Rasha, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara a 1970. A 1989 ya kai mita 12,262, zafin dutsen kuma ya kai digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, daga baya kuma aikin ya tsaya. Ko ɓawon duniya bai huda ba.

Mafi yawan abin da aka sani daga girgizar ƙasa aka samo shi. Kamar yadda mai sayen kankana ke ƙwanƙwasa ta ya saurara, haka masana ke bin sawun girgizar yayin da take ratsa duniya: tana ƙara gudu, ko ta karkace, ko ta ɓace, gwargwadon abin da ta tarar. Ta wannan hanya Andrija Mohorovičić, ɗan Kuroshiya, ya gano iyakar ɓawon duniya a 1909. Ɓawon siriri ne: kilomita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin teku, 30 zuwa 50 a ƙarƙashin nahiyoyi.

Daga nan sai mantil, wato sashen dutse mai kauri da ke ƙarƙashin ɓawon, wanda ya kai zurfin kusan kilomita 2,900. Mutane da yawa na ɗauka narkakken dutse ne, alhali daskararre ne; yana dai motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, kuma motsin yana da nasaba da gocewar nahiyoyi da aman wutar duwatsu.

Cibiyar duniya galibinta ƙarfe ne da nikel. Sashenta na waje narkakke ne, shaida kuwa ita ce wani nau'in girgiza da ba ya ratsa ruwa yana ɓacewa da zarar ya isa can. Jujjuyawar wannan narkakken ƙarfe ce ke haifar da maganaɗisun da ke juya allurar kamfas zuwa arewa. A 1936 Inge Lehmann, 'yar Danmak, ta nuna cewa akwai wata ƙwaya daban a can tsakiya. Zafinta ya haura digiri 5,000, amma nauyin da ke danne ta ya hana ta narkewa.