Allon soso mai tauri

Allon soso mai tauri faifai ne marar nauyi da ake sarrafawa daga sinadaran ɗanyen mai, ana liƙa shi a bango, ƙarƙashin rufi ko daɓe domin ya hana zafi da sanyi ratsa gida. Duk wanda ya taɓa kwance kwalin sabon firji ya san farin abin nan mai marmashewa a hannu. Danginsu ɗaya. Amfaninsa daga iskar da ke kulle a cikinsa yake, wadda a wani nau'in takan kai kashi 98 cikin ɗari.

Tarihi

Carl Munters, ɗan ƙasar Suwidin, ya yi rajistar dabarar kumbura folistarin (wani nau'in roba) a shekarun 1930. A farkon shekarun 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Ray McIntire na kamfanin Dow a Amurka ya sake gano ta, aka sa wa abin suna Styrofoam. Da yake ba ya nutsewa, a kayan ceton rai a teku aka fara morarsa kafin magina su karɓe shi. A Jamus kuwa, Fritz Stastny na BASF ya samar da mai ƙwayoyi, Styropor, wajen 1950.

Nau'o'i

Uku ne sanannu. EPS, wato folistarin mai ƙwayoyi irin Styropor, ya fi araha. XPS, wato folistarin irin Styrofoam, ya fi jure danshi, shi ya sa ake binne shi a jikin harsashin gini. PIR, wanda ake yi da wani nau'in roba daban, ya fi su tare zafi, sai dai ƙarfinsa kan ragu a tsananin sanyi.

Muhalli

Babbar matsalar ita ce iskar da ake hura allon da ita. A da sinadaran CFC ne, masu cinye lemar ozon, har Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta taka musu birki. HFC-134a, wanda masu yin XPS suka koma wa daga baya, ya ninka iskar kabon fiye da sau 1,000 wajen ɗumama duniya. Gyaran Kigali na 2016 ya tanadi rage shi, kuma kamfanoni da dama sun koma HFO, sinadarai masu ƙarancin illa. EPS dai da sinadarin fentan ake hura shi, illarsa kaɗan ce. Mai saye ya kamata ya fara tambayar irin iskar da aka hura allon da ita kafin ya tambayi kuɗi. Ana saɓani kan shekarun da makamashin da allon ke tsimi zai ɗauka kafin ya rama ɓarnar ƙera shi.

Allon ba ya ruɓewa a bola, gara tana yin hanya a cikinsa, kuma yana cin wuta. A gobarar Hasumiyar Grenfell ta Landan a 2017, wadda ta ci rayuka 72, akwai PIR a bayan fallayen da aka lulluɓe ginin da su.